Yadda muka ta da Hondar Baba bayan shekaru a kwance

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina a shekarun 1980 ba zai manta da ƙarar Honda CG125 ba, wata ƙara mai kama da ta keken ɗinki a hannun ƙwararren tela. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da guda ɗaya ja, wanda da shi yake cin kasuwar Maraɗi ran Litinin da Juma'a, ran Lahadi kuma ya yi sammako ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya da ɗaurin atamfa a bayansa. Da ciwon ƙafa ya matsa masa, sai ya sa muka tura babur ɗin cikin ɗakin da muke zuba dusa da tsofaffin buhuna, ya ce a bar shi nan sai ya samu sauƙi. Allah bai nufa ya sake hawansa ba. Babur ya yi fiye da shekara goma a wurin, kaji suna kwana a kansa.

Da aka zo rabon gado sai maganarsa ta taso. Yayana ya kawo 'yan gwangwan, suka ɗaga shi suka ajiye, suka yi tayin kuɗin da ba zai sayi buhu biyu na gero ba, domin su ƙarfe suke saye da awo, ba ruwansu da sunan da ke jikin tanki. Na roƙi Yaya da ya ba ni wata guda. Muka yi sharaɗi a gaban ƙannenmu: idan babur ya tashi ya yi tafiya, za a yi masa kuɗi na gaskiya a cire daga rabona, idan kuwa ya ƙi, a sayar wa 'yan gwangwan, abin da na kashe kuma ya zama asarata ni kaɗai.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari a shafin nan shi ne, na san irin wannan babur yana nan birjik a zauruka da ɗakunan ajiya na garuruwanmu na bakin iyaka, daga Ƙonni har Magarya da Matamaye. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zamanin da ƙaramin ɗan kasuwa yake cika tanki ba tare da ya yi lissafi ba ya wuce. Sabon babur kuma ba kowa ke iya taɓa shi ba. Saboda haka mutum yakan tambayi kansa ko tsohon nan da ke kwance zai iya komawa aiki, da kuma nawa zai ci kafin ya koma.

Ya kamata mai karatu ya san irin injin da muke magana a kansa. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa biyu suka zaga biranen ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan don su ga yadda talakawa ke amfani da babura. Abin da suka tarar shi ne abin da muka saba gani a nan: lodin da ya wuce ƙa'ida, baƙin mai da ba a canzawa har ya yi kauri, da rariyar iska da ƙura ta toshe. Sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan wulaƙanci, mai cc 124, mai rariyar iska ta soso da ake wankewa a mayar. A 1975 ya shiga kasuwa, a 1976 aka fara harhaɗa shi a Barazil, har yanzu kuma ana yin sa a Pakistan. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, yawancin baburan Sin masu cc 125 da suka cika hanyoyinmu daga baya, kwaikwayon wannan inji ne. Wannan ya sa kayan gyaransa ba su ɓace daga kasuwa ba, kodayake, kamar yadda za a gani a gaba, wannan sauƙin ma yana da nasa tarko.

A amalanke muka ɗora shi muka kai garejin wani dattijon bakanike wanda ya san Baba tun suna samari, shi ya sa nake ce masa Kawu. Ana sauke shi na kai ƙafa zan taka kik, sai ya daka mini tsawa. Ya ce, "Kai ɗana, mutumin da ya shekara goma a kwance, ka taɓa ganin an tashe shi da gudu?" Ya sa yaronsa ya kwance buji, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira fulogi, ya zuba ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ya ce mu dawo gobe. Dalilinsa kuwa, ringi kan manne a jikin bulo idan an daɗe ba a motsa ba, wanda ya taka da ƙarfi yana iya karya shi ko ya karce bulon, ƙaramin gyara ya zama babba.

Washegari ya danna kik da hannu a hankali, inji ya juya. Ya toshe ramin buji da babban yatsansa ya sa yaro ya taka, iska ta ture yatsan da ƙarfi. A nan ne ya ce babur yana da rai. A ƙa'idarsa abu uku inji ke nema, wato matsin iska da wuta da mai, kuma na farkon ne kaɗai mai tsadar gyara. Da a ce yatsan bai motsa ba, in ji shi, da ya ba ni shawara in bi maganar Yaya. Daga nan aka tsiyaye tsohon baƙin mai, aka wanke 'yar rariyar ƙarfe da ke bayan murfin tsiyaya, aka zuba sabo wanda bai wuce lita 1 ba, aka kuma daidaita tafet a kan milimita 0.08 tun inji yana da sanyi.

Tanki da kafireta

Da muka buɗe tanki, warin da ya fito ba na fetur ba ne, ya fi kama da na tsohon fenti. Fetur idan ya daɗe, mai sauƙin cikinsa yakan tashi ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Ƙasan tankin kuma duk tsatsa, domin man kwalba da muke saye a bakin hanya ba ya rasa ɗigon ruwa, ruwan kuma ƙasa yake kwanciya ya yi ta cin ƙarfe. Kawu ya zuba kananzir da tsofaffin notina cikin hannu biyu, ya ba yara biyu suka yi ta girgizawa suna zubarwa har ruwan ya fito garau, sannan aka shanya shi a rana. Aka kwance famfon mai aka wanke, aka sa sabon tiyo da 'yar rariyar mai ta roba a tsakani. Duk wanda ya wanke kafireta bai wanke tanki ba, kwana uku ba za su yi ba sai ya sake kwance ta.

Kafireta ita ce inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, kuma a jikin ta Baba an rubuta Keihin, wato ta asali ce. Da aka cire kwanon ƙasa sai ga ƙaron nan ya daskare, ya haɗu da wani farin gari-gari na ruɓar ƙarfe. A cikin kwanon akwai fulot, wanda ke iyo a kan mai, idan kwano ya cika ya tura 'yar allura ta rufe hanya. Akwai kuma jet guda biyu na tagulla. Babban shi ke ba da mai idan an murɗa totur, ƙaramin kuwa, wanda ake kira na silo, shi ke riƙe inji idan an saki hannu. Ramin ƙaramin bai fi kaurin gashin wutsiyar doki ba, saboda haka shi ke fara toshewa. Idan babur ɗinka ba ya tashi sai da cok, kuma da ka mayar da cok ya mutu, to kusan kullum nan matsalar take. Idan kuwa mai ke zuba ta ƙasan kafireta, allurar fulot ce ba ta rufewa.

Abubuwa biyu na gani da ban taɓa ganin matasan kanikawa suna yi ba. Na farko, kafin ya fitar da sukurun da ke daidaita silo, sai da ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagaye har ya tsaya, ya rubuta adadin da gawayi a bango, domin ya mayar da shi daidai inda Baba ya bar shi. Na biyu, ya hana a sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a ramin jet. Tagulla tana da taushi, allura kan faɗaɗa ramin ko da ido bai gani ba, daga nan babur ya riƙa shan mai kamar raƙumi ba wanda ya san dalili. Sai ya jiƙa kayan cikin fetur mai tsabta suka kwana, ya zare sili ɗaya daga wayar wuta mai laushi ya bi ramukan, sannan ya aika aka hura su da iskar mai faci. Yana ɗaga kowane jet sama ya duba, sai ya ga hasken rana zagaye sosai kafin ya yarda.

A akwatin rariyar iska kuwa gidan zanzaro muka tarar har uku, soson kuma yana taɓuwa ya zama gari. Aka yanko sabo aka shafa masa ɗan baƙin mai aka matse. Na san da yawa daga cikinmu suna cire rariyar gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. A ƙurar hunturu ta ƙasar nan, wannan daidai yake da zuba wa inji rairayi da cokali.

Wuta

CG125 na farko-farko irin na Baba ba ya bukatar batir kafin ya tashi. Wutar buji daga maganeto take fitowa, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen hagu na inji, kuma a bayansa akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa. Lokacin da suka buɗe ne wuta ke tsalle a bakin buji. Muka jingina sabon buji a jikin inji aka taka, shiru. Kawu ya leƙa ta tagar da ke jikin maganeto, ya ga bakin kwantak ya yi fari da tsatsa. Ya goge da samfefa mai laushi, ya bi da farar takarda har ta daina yin baƙi, ya daidaita tsakaninsu a kan milimita 0.3 zuwa 0.4. Don ya gane lokacin buɗewarsu, sai ya sa siririyar takarda a tsakani yana juya maganeto da hannu. Daidai lokacin da alamar F ta zo kan tsagar da ke jikin inji, takarda ta saki. Ya yanke kamar faɗin yatsa daga bakin wayar buji inda ta yi kore, ya mayar da hular. Aka sake takawa sai ga wuta, amma ja-ja, mai rauni. Ya canza kwandansa, 'yar gwangwanin nan da ke hana wuta cin bakin kwantak, sai ta koma shuɗiya tana ƙara ƙyas-ƙyas.

A taku na shida babur ya yi tari, ya fesa hayaƙi da ɓaraguzan gidan zanzaro ta salansa, ya kama. Ba zan ɓoye ba, sai da na juya baya na share ido. Wannan rana ta tara ce daga cikin talatin ɗina, na kuma aika wa Yaya cewa ya sallami 'yan gwangwan.

Ashe na yi gaggawa. Washegari na hau don gwaji, ina karya kwana a bakin titi sai ya mutu. Na taka ya tashi, na yi tafiya mai ɗan nisa lafiya lau, a wata kwanar ya sake mutuwa. Kawu ya yi tafiya ƙauye ta'aziyya a makon, saura ni da yaransa, su kuma bakinsu ɗaya: kafireta ce. Sau uku muka kwance ta muka wanke. Da abin ya ishe ni, na shiga kasuwa na sayo sabuwa 'yar Sin, irin wadda ake sa wa baburan yanzu, ta kuwa zauna daram kamar don shi aka yi ta. Babur ya ci gaba da mutuwa yadda ya saba, ya kuma ƙara da wani sabon hali na baƙanta buji, domin jet ɗin cikinta bai dace da shi ba. Na sayi sabon koyil, wanda a nan muke ce wa bobin, shi ma a banza. Kafin Kawu ya dawo na kashe a kan kayan da ba a bukata fiye da abin da duk gyaran farko ya ci, kwana kuma ya rage takwas.

Da ya dawo ya ga sabuwar kafireta bai ce mini komai ba, tambaya ɗaya ya yi: idan zai mutu, yana shaƙewa ne yana ja da baya, ko kuwa ɗif yake yi? Na ce ɗif, kamar an kashe makulli. Ya ce to ai na ba kaina amsa. Babur da mai ya yanke masa yakan yi ta tangaɗi yana neman tashi kafin ya mutu, wanda wuta ta yanke masa kuwa nan take yake shiru. Ya sa aka kafa shi a kan tsaye aka tayar, ya kama kan babur ya juya dama, ba komai. Ya juya hagu har ƙarshe, inji ya mutu. Ya maimaita sau uku, sau uku yana mutuwa.

Ya sa reza ya tsaga rigar wayoyin da ke wucewa ta wuyan babur. A ciki ɓera ya ci bayan waya ɗaya, baƙa mai farin zane, wurin da ya ci bai fi ƙwayar shinkafa ba. A tsarin Honda wannan waya ita ce ta kashe inji: idan ka murɗa makulli, haɗa ta yake yi da jikin ƙarfen babur, wutar buji ta zube. To duk lokacin da na juya kai hagu, wurin da ɓera ya ci yana taɓa ƙarfe, babur ya kashe kansa da kansa. Salatif na 'yan dala ya gama aikin da na yi mako ina zuba wa kuɗi. Aka mayar da Keihin ɗin Baba wurinta. Bayan tafiyar gwaji ya ciro buji ya nuna mini bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, alamar mai da iska sun daidaita. Baƙi mai kunkunniya na nufin mai ya yi yawa, fari fat kuma na nufin ya yi kaɗan, wanda shi ne mai ƙona inji.

Sauran wutar ta fitilu ta ci mana yini biyu. Koriyar waya a Honda ita ce mas, wato mai mayar da wuta jikin ƙarfe, kuma duk inda aka ɗaure ta sai da aka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Rabin fitilun da muka ɗauka sun mutu, da wannan kaɗai suka kama. A nan sai mai tsohon babur ya yi hattara, domin wutar waɗannan na farko bolt 6 ce, baburan yanzu kuwa 12 ne. Ka sa masa ƙwan fitila na 12, haskensa ba zai fi na aci-balbal ba. Ka yi ta yawo da shi babu batir, ƙwayaye su riƙa ƙonewa idan ka murɗa totur, saboda batir ɗin ne ke shanye rarar wutar. Masu sayar da kayan gyara da dama ba sa ajiye na bolt 6 yanzu, sai an yi cigiya. Wasu sukan cire maganeto da kwantak gaba ɗaya su sa na zamani mai CDI da bolt 12 daga baburan Sin. Ban ga laifin wannan ba ga wanda zai riƙa tafiyar dare, muddin an gwada an tabbatar maganeton ya zauna daidai a kan sandar inji, don ba kowane ne ke dacewa ba. Ni dai na bar na asali, saboda kwantak ko a daji ya ba ka matsala kana iya gyara shi da sukudireba da 'yar takarda, akwatin CDI kuwa idan ya mutu sai sabo.

Akwai abin da Kawu ya ƙi yarda a yi ciniki a kansa, wato taya da birki. Tayoyin suna da sauran zane sosai, amma gefensu duk ya tsattsage, aka canza su da tif ɗinsu. Da aka buɗe birkin gaba, fatar da ke jikin takalmin birki ta ɓare ta faɗo a hannu. Da a kan hanya ta ɓare, tana iya cije taya da mutum da lodinsa. Wayoyin birki da kuloci da totur aka ɗiga musu mai, sarƙa ta kwana cikin kananzir.

Sai maganar takardu, wadda 'yan kasuwa suka fi ni sani. Mun yi sa'a kart giriz ɗin tana nan cikin adakar Baba, lambar jiki da ta inji kuma sun yi daidai da abin da ke rubuce. Shawarata ga mai niyyar irin wannan aiki ita ce ya nemo takarda tun kafin ya sayi ko da buji, domin babur marar takarda a hanyar da ke da duwan da jandarma, gyara shi kake yi wa wani.

Ana saura kwana uku wa'adi ya cika na je ƙofar gidan Yaya a kansa. Ya fito ya zagaya shi, ya shafa tankin da fentinsa ya koɗe, ya ce in sauka. Ya hau ya yi cikin gari bai dawo ba sai bayan la'asar. Da dare aka kira dillali ya yi masa kuɗi a gaban kowa, aka cire daga rabona kamar yadda aka yi sharaɗi, Yaya kuma ya ce kada in kuskura in sake masa fenti. Ran Lahadin da ta biyo baya na ɗaura kaya na kai Ɗan Isa na dawo, famfon mai bai nemi a juya shi zuwa ajiya ba. Sabuwar kafireta da bobin suna nan cikin kwalinsu a shagona, duk mai so ya zo mu daidaita.